Ciwon da nake yi duk wata uku

Haihuwata ta uku a Maradi aka yi ta, da wuƙa. Kwana biyu ina naƙuda a gida, sannan aka ɗora ni a amalanke zuwa gidan likitan da ke kusa da ƙauyenmu, can wajen Sae Sabuwa, daga nan mota ta kwashe ni. Ban san sadda aka ciro yarinyar ba. Abin da na sani shi ne ranar da za a sallame mu, likitan da ya yi aikin ya sa aka kira mijina, ya tsayar da shi a bakin gadona, ya ce mu buɗe kunne da kyau. Ya ce mahaifata ta tsage, ɗinke ta ya yi, kuma in na sake ɗaukar ciki kafin shekara uku, shi bai ɗauki alkawarin zan tashi ba. Sau biyu ya faɗa, idonsa a kan mijina. Mijina ya ce ya ji, kuma ya ji ɗin, don har muka iso gida share zufa yake yi.

A zamanin iyayenmu abin da sauƙi, mace ta tafi goyo gidansu ta yi shekara biyu, kowa ya kama kansa. Yanzu wane uba ne a Cadawa, garin iyayena, zai ciyar da ƴarsa da jikoki uku har shekara uku, da hatsin da ba ya kai shi damina? Arba'in kawai na yi a gidanmu aka maido ni. Mijina kuwa leburan magina ne a Maradi, duk bayan Juma'a biyu yana gida. Saboda haka na fara karɓar allurar hutun haihuwa, wadda ake yi duk wata uku, a wurin sajfam, wato ungozomar gidan likita.

Sajfam ɗinmu gajera ce mai faɗa, amma ta san mata. Ƴan katunanmu na allura a cikin wani kwali take ajiye su a ɗakinta, ba ta bari kowa ta kai nata gida. Mace ta zo awon yaro, ta shige ɗakin kamar za ta gaishe ta, ta fito tana gyara zane, shi ke nan. Allurar kyauta ce a lokacin, sai dai kyauta ce wadda rabin lokaci babu ita. Ki sha rana ki zo, sajfam ta buɗe kabad ta nuna miki wayam, ta ce ki dawo wani mako. Akwai sadda sai da mijina ya sayo ta a kantin magani a Maradi, ya zo da ita a aljihu yana waige-waige kamar wanda ya sato.

Ana nan sai aka zo da asusun lafiya. Farkon kaka ne, wasu mutane suka kafa tebur a ƙofar mai gari, da na'urar ɗaukar hoto, suka yi bayani. Kowane gida zai biya sau ɗaya a shekara, lokacin da hatsi ke hannu, a ba shi karne, ɗan littafi mai hotunan mutanen gidan, kuma duk wanda hotonsa ke ciki za a duba shi ba sai ya biya ba. Ba zan ci amanar tsarin ba, tun da ya zo allura ba ta sake ƙarewa ba. Amma ya zo da sharaɗinsa. Duk abin da aka yi wa mutum sai an rubuta shi a karne an buga hatimi, har allurarmu, in ba haka ba asusu ba ya biyan gidan likita. Wadda ta zo hannu rabbana kuwa ta biya kuɗin ganin likita, ta biya na magani, abin da ya kai kuɗin tiya da yawa ta hatsi. Sajfam da bakinta ta ce mini ita ma abin bai kwanta mata ba, amma ba ita ta tsara ba.

To karne na gida ne, gidanmu kuma gandu ne. Baba, mahaifin mijina, shi ne babba, sai ƴaƴansa maza uku da matansu da yara, sai Gwaggo, ƙanwarsa, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, ita ce uwar gida tun da matar Baba ta daɗe da rasuwa. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, don haka ba wanda ya ma yi tunanin raba karne. Aka jera mu aka ɗauki hoto, aka miƙa wa Baba littafin, ya sa shi a leda ya shige da shi ɗakinsa.

Baba dogo ne siriri, mai magana a hankali, kuma bai taɓa hana kowa karnen nan ba. Matsalar ita ce yana tambaya. Duk wanda ya je nema, abin da zai fara ji shi ne, “Wa ab ba lahiya?” Daga nan sai ina ke ciwon, tun yaushe, an ci abinci ko ba a ci ba. Ya yi addu'a, ya ba da littafin, in ya je la'asar ya faɗa a masallaci a sa mutum cikin addu'a, kafin magariba rabin unguwa sun zo sannu. A wurinsa, a ce wani na ciwo a gidansa ba a gaishe shi ba, rashin mutunci ne babba. Mutumin kirki ne, kirkin nasa kuwa shi ya tsaya mini a wuya.

Ni shekara shida a gidan, maganata da Baba ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, ita ma a tsugune, fuskata a gefe. Haka aka koya mana, haka na tarar. Mijina kuma ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya faɗa, “wancan” yake ce masa, hirarsu ba ta wuce ruwa da gona. Da lokacin allurata ya matso na ce wa mijina ya je ya karɓo karne, ya faɗa wa Baba gaskiya. Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a tsakiyar kasuwa. Na tuna masa cewa shi likita ya kalla sadda yake magana. Ya ce ya sani, amma da ya tunkari Baba da irin wannan zance, gara ya daina zuwa gida har shekara ukun ta cika. Na ce to ya daina mana. Bai daina ba, kuma bai je wurin Baba ba.

In biya da kaina kuwa, da me? Ƙuli-ƙulin da nake yi ya tsaya tun da aka hana ni daka da ɗaukar nauyi, abin da mijina ya samo kuma hannun Baba yake shiga, haka gandu yake. Shawarar da mijina ya iya kawowa ita ce in ce kaina ke ciwo. Na ce ciwon kai ai ƙwaya biyu za a sayo mini a wurin mai tebur, ba wanda zai ba ni karne. Sai na yi wa kaina dabara, na aiki Gwaggo ta ce wa Baba wurin ɗinkin ne ke ja na. A lokacin gani nake na fi kowa wayo.

Na je, aka yi mini allura, aka buga hatimi a ƙarƙashin hotona, na dawo da sauƙin zuciya. Ina shiga gida na ga gashin kaza a tsakar gida. Baba ya sa an yanka mini ita, ya kuma ce a ɗauke mini girki kwana uku. Kafin in ajiye mayafi mata sun fara shigowa, wannan ta ce sannu, waccan ta ce ai daman ɗinki haka yake, ba ya son sanyi. Dole na kwanta na ja zane. Ba zan ɓoye ba, romon ya yi daɗi, hutun ma ya yi daɗi, amma duk wadda ta ce Allah ya ƙara sauƙi sai in ji kunya ta rufe ni, in amsa da ƙaramar murya.

Bayan wata uku na sake. Wannan karon Baba da hannunsa ya yi mini rubutu, ya wanke allon ya aiko a ƙwarya. Ya taka har rugar Fulanin da ke bayan gonakinmu ya samo mini madara da man shanu. Kuma ya ɗauki wata sabuwar al'ada, kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya tsaya a bayan zanar da ta kewaye ɗakina, ya yi gyaran murya, ya tambayi ɗakin ko an kwana lafiya, ko jiki da sauƙi. Da ɗakin yake magana, don ba zai yi da ni kai tsaye ba. Ni kuma in amsa daga ciki da muryar marasa lafiya. Na tsani muryar nan, har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

A karo na uku ne abin ya fi ƙarfina. Baba manomi ne, lissafin wata a kansa yake. Ya ce wa Gwaggo ciwon da ke dawowa kan lokaci, duk wata uku ba fashi, ba ciwon banza ba ne. Da na maido karnen, washegari ya sa babbar riga ya tafi gidan likita da ƙafa, bai gaya wa kowa ba. Sajfam ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce ya buɗe shafina ya ɗora yatsa a kan hatimi uku da ke jere, ya roƙe ta ta karanta masa abin da aka rubuta. Ta ce masa wannan sirrin mai jinya ne, ba ta da ikon faɗa. Ya je wurin majo, shugaban gidan likitan, shi ma haka ya ce. Ya dawo wurinta ya tambaya ko abin mai warkewa ne. Ta ce ya koma gida, in mai abin ta ga dama za ta gaya masa da kanta.

Ita rufa mini asiri take yi, kuma ta rufa, Allah ya saka mata. Sai dai a wurinmu, in likita ya ƙi gaya wa babban gida ciwon da ke damun nasa, ya ce a koma gida, abu ɗaya ake fahimta. Duk mun ga waɗanda aka maido daga Maradi aka ce a je a ci gaba da addu'a, mun kuma san kwana nawa suka yi.

Tun daga ranar Baba ya canza. Tuwonsa ya riƙa dawowa da saura. Ya riƙa kiran manyan ƴaƴana biyu su zauna kusa da shi a ƙarƙashin bishiya, ya riƙa shafa kansu. Ya ce matan ƙannen mijina su raba girkina a tsakaninsu har sai abin da hali ya yi, su kuma suka karɓa ba ƙorafi, suna kallona da tausayi, wanda ya fi zagi ciwo. Rannan ya aiko Gwaggo ta tambaye ni ko akwai abin da raina ke so in ci, ko kuma ina son a kai ni Cadawa in ga iyayena. Nan ne na gane abin da yake zato. A ranar ya kamata in yi magana. Ban yi ba. Wata uku cur ina kallon tsohon nan yana ramewa saboda ni, kullum ina ce wa kaina gobe.

Lokacin allura ta huɗu tun zuwan karne ya faɗo a ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kowa na gyaran gona. Sajfam kullum tana ja mini kunne kada in wuce ranata, ni da ke da ɗinki a ciki ba irin sauran ba ce. Na aiki Gwaggo kamar kullum, sai ga ta ta dawo hannu biyu babu komai. Ta ce Baba ya ce ya isa haka, ƙaramin gidan likita ba abin da suke yi sai buga hatimi. Ranar kasuwar Gidan Rumji zai kai bijiminsa ya sayar, in wancan ya zo Juma'a a ɗauke ni a kai ni wurin manyan likitoci a Maradi, a haska cikin a ga abin da ke ciki, ko nawa ne. Bijimin nan shi kaɗai gare mu, shi ke jan amalanke, shi ke huɗa, ga ruwa na shirin sauka. Kasuwa saura kwana shida, mijina kuma zai iso bayanta da kwana kaɗan, ni ba allura a jikina.

Na kira shi a waya na gaya masa. Ya ce in bar Baba ya sayar, shi zai saya masa wani kafin shekara ta zagayo, in mun je Maradi kuma sai mu zame a yi allurar a can. Na tambaye shi da me zai saya, da bulo? Na tambaye shi kuma in manyan likitocin suka haska suka ce a gaban Baba lafiyata ƙalau, sai mu ce me. Ya ce Allah zai kawo mafita. Na ce Allah ya riga ya kawo, baki ne, ya ba shi ya ba ni, na kashe wayar. Ina son mijina, mutum ne mai tausayi, amma a ranar da yana kusa da sai na jefe shi da muciya.

Sai na koma kan Gwaggo, na zaunar da ita na faɗa mata komai. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita tun karo na biyu ta gane, don mai ciwon ciki ba ta tauna ƙashin kaza yadda na tauna. Na ce to tun da ta sani, ta taimake ni ta gaya wa yayanta. Dariyar ta tsaya. Ta ce ita da shi nono ɗaya suka sha, ko haihuwar akuya ba su taɓa yin zancenta ba, ba za ta fara da furfura a kanta ba. Ta kawo shawarar a gaya wa matar liman, ita ta gaya wa liman, liman ya gaya wa Baba. Na ce ai gara in hau kan rumbu in yi shela. Haka kwanakin suka wuce, kowa a gidan na ƙaunar kowa, kuma an rasa mai buɗe baki.

Ranar kasuwa, gari ya waye tangaran, na ji motsin Baba a turken bijimin. Turken yana bayan ɗakina ne, zana ɗaya ce tsakani. Ina jin sa yana yi wa dabbar magana ƙasa-ƙasa yana kwance igiya. Na goya yarinyar, na fito, na tsuguna a gindin zanar ta cikin gida. Na gaishe shi, ya amsa da mamaki, ya tambayi jiki.

Na ce, “Baba, don Allah kar ku kai bijimin ga kasuwa.”

Ya ce, “Ɗiyata, koma ɗaki. Wanga ba naki tunani ba ne.”

“Baba, lahiyata lau. Ban taɓa yin ciwon ba. Ƙarya na yi muku, har sau ukku.”

Motsin igiyar ya tsaya. Ni kuma tun da na fara, na san in na tsaya ba zan sake iya ɗauka ba, sai na zuba. Na gaya masa abin da likitan Maradi ya faɗa a bakin gadona, da shekara ukun, da allurar da ake yi don jiki ya huta, da yadda sabon tsari ya ce ba a yi sai da karne. Idona na kan wasu tururuwa da ke jan ƙwayar hatsi a gindin zanar, su na yi wa bayanin. Da na gama na jira. Na jira ya ce a'uzu billahi, ya ce mun ƙi kyautar Allah, ko ya juya ya tafi bai ce komai ba, wanda shi na fi tsoro.

Can sai na ji ya ce, “Ke nan ba su ga komi ba cikin cikin?”

“Ba su ga komi ba, Baba.”

“Hatimin nan ukku fa?”

“Na allurar ne.”

“Ba wani abin da sunka ɓoye mini?”

“Babu, wallahi.”

Sai na ji wani sauti, na ɗauka tari ne. Na ɗaga kai kaɗan na leƙa ta ramin zana. Ya kifa goshinsa a kan tozon bijimin, kafaɗunsa na girgiza, hularsa ta karkace. Ban taɓa ganin dattijo na kuka ba sai a ranar. Na yi maza na mai da idona ƙasa, hawayena na ɗiga a kan gwiwata, yarinyar a bayana tana wasa da ɗankwalina ba ruwanta.

Da ya natsa ya fyace hanci, ya tambaya ko wancan ya sani. Na ce ya sani, tare aka gaya mana.

Ya ce, “Ya sani, ya bar ni ina ta tunanin wa za ya riƙa mini ɗiyanki.” Sannan ya ƙara da cewa, “Jikoki ina son su, Allah ya sani. Amma ban son wanda za ya zo shi ɗauke musu uwa.”

Ya tambaya yaushe ne ranar allurar, na ce yau kwana shida da wucewa. Nan ne kaɗai na ji ya ɗaga murya, ya ce, “Kuma kina nan tsugune?” Ya ƙwala wa Gwaggo kira ya ce ta ɗauko mayafinta, ya shiga ɗaki ya fito da ledar karnen ya miƙa mata, ita ta miƙo mini. Bijimin da aka kwance don kasuwa sai ga shi an ɗaura masa amalanke.

Shi ya ja mu da kansa. Yana gaba ya ba mu baya, ni da Gwaggo muna baya, har muka isa Gwaggo na ta zungurina da gwiwar hannu tana danne dariya. Masu tafiya kasuwa a kan babura suna wuce mu suna tambayarsa ko ya fasa ne, shi dai hannu kawai yake ɗaga musu. Da muka isa ya tsayar da amalanken can nesa a inuwar wata bishiyar dogon yaro, inda ba zai ga bencin mata ba, ya zauna yana jan carbi.

Sajfam ta duba kwanan wata ta dube ni, ta wanke ni tas, ta ce da ɗinki a ciki ake wasa da rana. Na bar ta ta gama, don ta fi ni gaskiya. Ta leƙa ta taga ta hango wanda ya kawo ni, ta sake dubana, ba ta tambaye ni komai ba. Ta yi allurar, ta buga hatimi na huɗu, ta rubuta mini rana ta gaba.

Da na fito na hau amalanke, bai waiwayo ba. Ya tattara igiya a hannu, ya ce, “An samu?”

Na ce, “An samu, Baba.”

Ya ce alhamdu lillahi, ya kaɗa bijimin muka kama hanya.

A ƙofar gida dattawan unguwa na zaune, suka taso da tambayar mai jiki, da abin da ya hana shi kasuwa. Ina wucewa da kaina a ƙasa na ji yana ce musu ɗiyarsa lafiyarta lau, an gode da addu'a, kada kowa ya sake wahalar zuwa sannu. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, su ma ba su nema ba. Da rana tuwonsa ya dawo ba saura, har ya aiko a ƙara masa miya.

Bayan la'asar na ba Gwaggo karnen ta mayar masa. Ba a jima ba sai ga ta da shi a hannu. Ta ce ya ce gara ta shiga ɗakinsa, yana tsoron kada ta cinye littafin mutane, in ajiye shi a wurina tun da ni na yi lakol, makarantar boko, na san darajar takarda. Duk mai bukata a gidan, babba ko yaro, mace ko namiji, ya zo wurina ya karɓa, ba sai an je an same shi ba.

Sharar ɗakin Baba aikina ne, ni ce matar babban ɗa. Washegari da ya fita gona na shiga da tsintsiya. Na ɗaga tabarma, na ja akwatinsa, na duba gindin bango da itacen rufi, na bi kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Babu gara ko ɗaya a ɗakin nan, ko alamarta babu. Na tsuguna a tsakiyar ɗakin da tsintsiya a hannu, na yi kuka mai isata, sannan na tashi na ƙarasa sharar.